Tsakanin Faci da Gyara: Layin Dogo da Ƙasar Katagum

Garin Azare, wanda ya zama mazaunin Sarkin Katagum tun shekarar 1916 da aka taso da fadar masarautar daga tsohon garin Katagum na bakin kogin Jama'are, yana cikin manyan garuruwan Arewa da layin dogo bai taɓa ratsawa ba, ko da yake layuka biyu sun sa shi a tsakiya. Ta arewa akwai layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa. Ta kudu kuma akwai wanda ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya shiga Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya tuƙe a Maiduguri a 1964. Wanda ya tsaya ga taswira kawai zai iya cewa maganar gyaran layi bayan jirgi ya goce ba ta shafi mutumin Azare ko Gamawa ko Shira ba. Ta shafe shi kuwa ta fuska biyu, domin da dukiyar ƙasa da bashin da shi ma zai biya ake shimfiɗa layukan da ake gyarawa, sannan yadda Nijeriya ke kula da layin da ke hannunta a yau shi ne zai nuna irin wanda ƙasar Katagum za ta samu idan reshen da ake ginawa daga Kano zuwa Dutse ya ƙaraso gabas wata rana. Nijeriya ta saba auna nasarar gyara da yawan kwanakin da jirgi ya yi bai tashi ba, alhali ma'aunin da ya dace shi ne ko an kawar da abin da ya gotar da jirgin, da kuma ko wani wanda ba shi ya yi aikin ba ya zo ya duba ya tabbatar.

Gocewar jirgi, wato saukar ƙafafunsa daga kan ƙarfen da suke bi, ba kasafai take zuwa da dalili guda ba, kuma ba a fahimtar ta sai an san yadda aka gina layin kansa. Layin dogo ƙarafa biyu ne da aka jera da tazarar da ba a yarda ta ƙaru ko ta ragu ba sai da 'yan milimita: tsofaffin layukan Nijeriya, irin na Nguru da na Bauchi, tazararsu milimita 1,067 ce, sababbin kuwa, irin na Abuja zuwa Kaduna, milimita 1,435. Ƙarafan suna ɗaure ne a kan gumagumai na katako ko ƙarfe ko kankare da aka gitta a ƙarƙashinsu, gumaguman suna kwance cikin tsakuwa, tsakuwar kuma tana kan ƙasar da aka dandaɓe aka fitar mata da magudanan ruwa da kwalbatoci. Ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki wanda tsawonsa bai wuce kimanin santimita 3 ba, kuma wannan ɗan leɓen ne ke riƙe ɗaruruwan tan na ƙarfe da mutane a kan hanya. Idan gumagumai suka ruɓe ko suka tsage har ƙarafan suka buɗe, ƙafa za ta faɗa tsakaninsu. Idan ruwa ya zaizaye ƙasa gefe guda ya nutse, leɓen zai hau kan ƙarfe ya tsallake. Idan kuma zafin rana ya miƙar da ƙarfe bai sami inda zai nufa ba, sai ya lanƙwashe gefe. Wurin da ya fi ko'ina rauni shi ne masauyin layi, wato inda hanya ta rabu biyu a bakin tasha, domin a nan ne ake da ƙarfe mai motsi, wani siririn harshe da ake turawa dama ko hagu don ya zaɓa wa jirgi hanya, wanda kuma dole ne ya manne ƙam da abokinsa kafin ƙafa ta taka shi.

A irin wannan wuri ne jirgin fasinja da ya taso daga Abuja zai nufi Kaduna ya goce ranar 26 ga Agusta, 2025, a tashar Asham, ɗauke da mutum 618, fasinjoji da ma'aikata. Allah ya taƙaita abin, ba a rasa rai ba, amma fiye da mutum 20 sun ji rauni, aka kuma dakatar da zirga-zirga har zuwa 1 ga Oktoba. Rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta tarayya, wadda aka fi sani da NSIB, ya nuna cewa na'urar da ke juya masauyin layin tashar ta daina aiki, da hannu ake juya shi a kulle shi da maƙalar ƙarfe, maƙalar kuma an same ta a karye. Rahoton ya ƙara da cewa wani jirgi ya taɓa gocewa a daidai wurin watanni 13 kafin nan, kuma wasu gumaguman da suka lalace a wancan karo faci aka yi musu maimakon a sauya su. To, a nan gizo ke saƙa, domin ma'anar wannan bayani ita ce an riga an yi wa wurin gyara sau ɗaya, an buɗe hanya, jirage sun ci gaba da wucewa, an kuma ɗauka magana ta ƙare, alhali cutar tana nan kwance a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji. Ba kuma za a ɗora laifin a kan tsufa ba, tunda layin mai tsawon kilomita 186 a watan Yulin 2016 aka buɗe shi, kuma kafin Asham an ga gocewar jirgi a Kubwa a Janairun 2023 da kusa da Jere a Mayun 2024, kamar yadda aka gani a layin Warri zuwa Itakpe a wannan Janairun na 2023.

Gyara na haƙiƙa yana da tsari, kuma matakinsa na farko bayan ceton mutane da tsare hanya ta ɓangarori biyu don kada wani jirgi ya afko shi ne a bar wurin yadda yake har masu bincike su gama gani. Inda taragai suka tsaya ba nan ne inda gocewar ta fara ba; sau da yawa sai an koma baya mita da dama kafin a ga ɗan zanen da leɓen ƙafa ya bari a saman ƙarfe lokacin da ya hau, da sawun da ya fara yi a kan gumagumai bayan ya sauka. Wannan sawu, tare da na'urar da ke adana gudun jirgi da lokacin da aka taka birki, da kuma matsayin da aka sami harshen masauyin layi a kai, su ne shaidun da ke bambance laifin layi da laifin tarago da laifin mutum. Da zarar injin ɗaga kaya ya iso ya fara jan taragai, katafila kuma ta fara ture tsakuwa, shaidun nan sun tafi ke nan, kuma duk bayanin da za a yi daga baya ya koma hasashe. Saboda haka akwai saɓani na gaske tsakanin injiniyan da aka ce ya buɗe hanya kafin wayewar gari da mai binciken da ke son a ba shi yini biyu, kuma ƙasar da ba ta rubuta a doka wanda maganarsa ke gaba a wannan lokaci ba, to mai gaggawa ne zai yi rinjaye kullum.

Bayan an ɗage taragai, ko da injin ɗaga kaya ko da manyan jak da ke ɗaga tarago a zamar da shi gefe har ƙafafunsa su koma kan ƙarfe, sai aikin da ido ba ya gani ya fara, kuma shi ne wanda aka fi ha'inta. Gungumen kankare yana ɗauke da wayoyin ƙarfe da aka ɗame a cikinsa tun a masana'anta, waɗanda su ke ba shi ƙarfin ɗaukar nauyi; idan ƙafar jirgi ta sare shi, yana iya tsagewa ta ciki ko mazaunin maƙalarsa ya saki, ko da daga sama yana kama da lafiyayye. Shafa masa siminti yana rufe tsagar ne daga ido, ba ya mayar da ƙarfin da ya tafi, shi ya sa ƙa'idar aikin take cewa duk gungumen da ya lalace a cire shi, tun daga inda sawu ya fara har inda jirgi ya tsaya. Ƙarfen da ya lanƙwashe a kan yanke shi a jefar, a sa sabo a yi masa walda, sannan a bi maƙwabtansa da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe don gano tsagar da ke ɓoye. Akwai kuma wani mataki da wanda ba ɗan sana'ar ba ba zai yi tunaninsa ba, wato daidaita ɗamewar ƙarfe da zafin wurin. Ƙarfe mai tsawon kilomita 1 da zafinsa ya ƙaru da digiri 30 zai so ya miƙe da kimanin santimita 35, kuma a layin da aka haɗe ƙarafansa da walda babu ratar da zai miƙe a ciki, sai dai maƙalai da nauyin tsakuwa su danne shi. Idan aka sa sabon yanki da sanyin asubar hunturu ba tare da an ja shi zuwa tsawon da zai yi a matsakaicin zafi ba, to an dasa haɗarin da zai jira watan Afrilu. Tsakuwar da ta cuɗe da ƙasa da baƙin mai ita ma a kan kwashe ta, domin aikinta biyu ne, riƙe gumagumai da barin ruwa ya wuce, kuma idan ta toshe ta rasa duka biyun. Daga nan sai a cusa sabuwa a ƙarƙashin gumagumai da injin girgiza, a auna tazara da daidaiton gefe da gefe, a gwada sigina da na'urorin masauyi, a wuce da jirgi babu kowa a ciki, sannan a buɗe hanya da ƙayyadadden gudu har tsakuwar ta zauna a ƙarƙashin nauyin jirage, a sake aunawa kafin a ɗage ƙayyadewar. Taragan da suka goce su ma sai an duba ƙafafunsu da sandunan da ke haɗa ƙafafun kafin su sake ɗaukar mutum.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ne ke raba hukumar da ke koyo da wadda ba ta koyo, shi ne a bar wurin haɗarin a je a nemi irin wannan lahani a sauran wurare. Idan masauyin layi ɗaya ya koma aiki da hannu saboda na'urarsa ta mutu ba a sami kayan gyara ba, tambayar da ta wajaba ita ce guda nawa ne ke cikin irin wannan hali tsakanin tashar Idu ta Abuja da tashar Rigasa ta Kaduna, kuma tun yaushe. Ingila ta koyi wannan da tsada. A Oktoban 2000 ƙarfe ya farfashe a ƙarƙashin jirgi a Hatfield, mutum 4 suka mutu, kuma da aka gano cewa ƙananan tsagogi ne da suka daɗe suna cin saman ƙarfen, sai kamfanin Railtrack mai kula da layukan ya tarar bai san halin da sauran layukansa ke ciki ba, dole ya ƙayyade gudu a wurare fiye da 1,000, al'amarin da ya dagula sufurin ƙasar na watanni ya kuma kai kamfanin ƙasa. A Mayun 2002 kuma masauyin layi ya saki a Potters Bar saboda notocin da ke riƙe sandunansa sun kwance, mutum 7 suka rasu. Abin da ya biyo baya shi ne sabuwar hukumar layukan, Network Rail, ta yanke shawara a 2003 ta karɓe aikin kula da layi na yau da kullum daga hannun 'yan kwangila ta mayar wa ma'aikatanta, aka kuma kafa hukumar binciken haɗurran jiragen ƙasa mai zaman kanta wadda ta fara aiki a 2005. Nijeriya ta ɗauki rabin wannan mataki da dokar 2022 da ta faɗaɗa aikin hukumar binciken haɗurran jiragen sama ya haɗa da na ƙasa da na ruwa, kuma albarkacin wannan doka ne jama'a suka san abin da aka samu a Asham. Ɗaya rabin yana nan ba a taɓa ba, domin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, bisa dokar 1955 da ta kafa ta, ita ke tuƙa jirgi, ita ke gyara layi, ita kuma ke cewa gyaran ya yi.

Masu kare gaggawar buɗe hanya suna da hujja mai nauyi, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Layin Abuja zuwa Kaduna tilo ne, jirage suna kauce wa juna ne a tashoshi, don haka tarago ɗaya da ya gitta ya rufe komai. Ma'aikata da 'yan kasuwa da marasa lafiya da ke bin sa kullum ko kowane ƙarshen mako ba sa fasa tafiya don jirgi ya tsaya, mota suke komawa, kuma alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa suna nuna cewa hanyoyin mota suna cin rayuka fiye da 5,000 a shekara. An ga wannan ƙunci a watannin da suka biyo bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, lokacin da aka rufe layin har zuwa Disamba. Duk ranar da jirgi bai tashi ba, ke nan, akwai mutanen da aka tura hanyar da ta fi haɗari. Sai dai wannan hujja tana kira ne ga shiri, domin saurin da ke da amfani daga tanadi yake fitowa: gumagumai da ƙarafa da kayan masauyi a jibge a ma'ajiya kusa da layi, injin ɗaga kaya mai lafiya wanda ba sai an nemo shi daga wata jiha ba, da ma'aikatan da aka horar aka kuma riƙa maimaita musu horon. Hukumar da ke da waɗannan tana iya sauya gumagumai ɗari a kwanakin da wadda ba ta da su za ta ɓata tana neman siminti. Mako biyar ɗin da aka yi babu jirgi bayan Asham, idan aka bi abin da rahoton farko ya nuna, wani ɓangarensa bashi ne da gaggawar shekarar da ta gabata ta ci, kuma irin wannan shi Bahaushe ke kira gyaran gangar Abzinawa.

Akwai wata fuskar gazawar wadda ta fi kusa da jihar Bauchi, ita ce layin da ya lalace ba a gyara shi ba ko kaɗan. Layin Kuru zuwa Maiduguri, mai tsawon kimanin kilomita 640, an gina shi ne da taimakon rancen dala miliyan 28 da Bankin Duniya ya ba Nijeriya a 1958, wanda shi ne rancen farko da ƙasar ta karɓa daga bankin, kuma a shekarar da aka kammala shi jiragen ƙasar Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Babu wani haɗari guda da za a nuna a ce shi ya kashe wannan layi. Kwalbati ce ta toshe ba a yashe ba, gada ce ta raunana aka rage gudu maimakon a gyara, gungun leburorin reluwe da ke bin kowane yanki a ƙafa da guduma da sifana ne suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, tafiyar yini ta koma ta kwana biyu, fasinja ya koma mota, kuɗin shiga ya ragu, aka sake rage na gyara. Duk lokacin da abin ya kai maƙura sai a kira wani daga waje: ƙwararrun Indiya sun riƙe hukumar jiragen ƙasa daga 1979 zuwa 1982, an ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangila a 1995, an farfaɗo da layin Legas zuwa Kano aka dawo da jirgin fasinja a Disambar 2012, sannan a Maris na 2021 aka ƙaddamar da sake gina layin gabas baki ɗaya daga Fatakwal zuwa Maiduguri, fiye da kilomita 1,400, wanda yankin Fatakwal zuwa Aba, kimanin kilomita 62, ya fara aiki a 2024. Kowane ɗaya daga waɗannan yunƙuri ya ɗauki gyara a matsayin buki mai ranar buɗewa, ba aikin da ake fita kullum da safe ana biyan albashinsa duk wata ba. Layin da jirgi ya daina bi kuma ya rasa masu gadinsa na asali, wato direba da lebura da mai tasha, shi ya sa aka sha kama tireloli maƙare da ƙarafan dogo da maƙalai a jihohin da layin gabas ya ratsa, kayan da suka ci miliyoyi suna ƙarewa a sikelin 'yan jari-bola.

Ƙasar Katagum ta ɗanɗani abin da dogaro da hanya guda ke nufi a watan Agustan 2024, lokacin da ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Malori-Guskuri cikin ƙaramar hukumar Katagum. Wannan hanya, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2006, ita ce ke ɗauke da hatsi da dabbobi da man fetur da marasa lafiyar da ake kaiwa asibitin tarayya na Azare da ɗaliban jami'ar Gadau, ita ce kuma ke haɗa Yobe da Borno da kasuwannin Kano, don haka yankewarta ta tilasta wa manyan motoci dogon zagaye, kuɗin mota da na kaya suka tashi. A irin wannan rana ce ake jin rashin layin dogo, amma a irin wannan rana ce kuma layin da ba a kula da shi ba ya fi zama haɗari, kamar yadda Kamaru ta gani ranar 21 ga Oktoba, 2016. Ruwan sama ya karya hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala, matafiya suka yi tururuwa zuwa tashar jirgi, aka ƙara taragai don a kwashe su, jirgin ya goce a Eseka, mutum 79 suka mutu bisa ƙidayar gwamnati, ɗaruruwa suka jikkata, binciken da aka yi kuma ya ambaci gudun da ya wuce ƙa'ida da matsalar birki. Jirgin da ake fata ya zama madadin hanya ranar da hanya ta yanke dole ne ya kasance wanda aka kula da shi a duk ranakun da ba a bukace shi da gaggawa ba.

Layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan 2, yana da reshe zuwa Dutse, kuma idan aka gama shi zai zama sabon layi mafi kusa da Azare. Ci gaba da shi ta Jama'are da Azare zuwa Potiskum da Damaturu abu ne da hankali ke karɓa, tunda nan ne jama'a da kasuwanni suke, kuma mutanen yankin suna da haƙƙin su nema da babbar murya. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a Maris na 2023, wanda ya fitar da harkar jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya ba jihohi damar shiga, ko da yake farashin da aka ambata ya isa ya nuna cewa jiha irin Bauchi ba za ta shimfiɗa irin wannan layi da aljihunta ba. Inda jiha da masarauta da wakilan yanki za su yi tasiri shi ne a sharuɗɗan da ake gindayawa tun a takarda. Layin da zai ƙetare fadamar kogin Jama'are yana bukatar gadoji da kwalbatoci da aka auna da ambaliyar 2022 da ta 2024, ba da ruwan shekarun da aka yi fari ba. Yankin da zafin bazararsa ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarfe kuma ya fi iska zafi da digiri goma sha, yana bukatar a rubuta zafin da aka ɗame kowane yanki na ƙarfe a kai, a kuma adana rubutun inda wanda zai yi gyara bayan shekara goma zai same shi. Rairayin da iskar hunturu ke kwasowa yana cika tsakuwa yana cushe masauyin layi, kuma maganinsa mutum ne da tsintsiya da man shafawa da ke zuwa kullum. Irin wannan mutum ya fi dacewa ya fito daga ƙauyen da layin ya ratsa, domin wanda albashinsa ke fitowa daga lafiyar layi, gonarsa kuma tana kallon layin, shi ne zai fara ganin inda ruwa ya soma ci, shi ne kuma ɓarawon maƙala zai fi jin tsoro.

Akwai kuma haƙƙin fasinja, wanda ake yawan mantawa da shi idan an shiga lissafin ƙarfe da kankare. Dawo da jirgi kan hanya bai kammala ba sai mutane sun yarda su sake shiga da 'ya'yansu, kuma wannan yarda tana samuwa ne idan an gaya musu abin da ya faru da harshen da suke ji, an biya wa waɗanda suka ji rauni kuɗin magani ba tare da sun yi ta sintiri ba, an mayar da kuɗin tikiti, an kuma bayyana a fili wane aiki aka yi da wanda ya rage. Rahoton bincike da aka wallafa da Turanci a intanet bai isa ga mafi yawan masu shiga jirgi a Rigasa ba, alhali gidajen rediyon da ke magana da Hausa suna nan, kuma bayanin mintuna goma a kan abin da ya sa ake tafiya a hankali a wani yanki ya fi sanarwar da ke cewa komai ya daidaita kwantar da hankali.

Shawarwarin hukumar bincike ba hukunci ba ne, doka ta yi su ne don hana maimaituwa, saboda haka ƙarfinsu yana hannun wanda zai bi sawunsu. Sanatan Bauchi ta Arewa da 'yan majalisar wakilai na Katagum da Zaki da Gamawa da Shira da Giade da Jama'are da Itas-Gadau suna da kujera a majalisar da ke amincewa da kasafin ma'aikatar sufuri kowace shekara, kuma a zaman kare kasafi suna iya neman a kawo musu a rubuce adadin masauyan layi da ke aiki da hannu a duk sababbin layukan ƙasar, da nawa aka ware wa kula da kowace kilomita banda kuɗin sabon gini, da kuma wanne daga cikin shawarwarin da suka fito daga binciken Asham aka aiwatar, a wace rana, da sa hannun wa. Suna kuma iya mara wa gyaran dokar 1955 baya, ta yadda mai ba da izinin sake buɗe layi bayan haɗari zai zama jami'in da ba ya karɓar umarni daga mai sayar da tikiti, kafin a kai ga zana hanyar da za ta bi ta Azare.